Lambar Lidiya

Duk wanda ya zauna unguwar Banifandu a birnin Yamai cikin waɗancan shekarun ya san Lidiya, ko da bai riƙe sunanta ba. Doguwar mace ce ƴar ƙasar Dogon Dutsi, mai tafiya da sauri kamar an aike ta. Mijinta malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ya rasu tun da wuri ya bar ta da ɗiya guda, Zinariya, da ɗakin haya mai bishiyar dogon yaro a ƙofa. Tana aiki a unguwar Yantala, a wani ofishi da Turawa ke tallafa wa don koya wa manyan mata karatu. Ita ke tarbar baƙi, ita ke amsa waya, saboda bakinta ya iya Hausa da Zabarmanci da Faransanci, kuma ba ta da saurin fushi.

Ofishin ne ya ba ta salula, ƴar ƙarama shuɗiya, da layin da ake biya wata-wata, ba irin na sa kati ba. Ba a jima ba lambar ta zama ta ƙauyensu gaba ɗaya. A can akwai waya ɗaya tak, ta mai shago, kuma sai an hau tudu a bayan gari ake samun magana. To, daga kan tudun nan ake kiran Lidiya. In an yi haihuwa ita ke fara ji, in an yi rashi haka. Mai ciwon da za a kawo gidan likita a Yamai, ɗalibin da ya ci jarrabawa bai san kowa a birni ba, tsohuwar da ke son a gaya wa ɗanta ya turo sabulu, duk ta hannunta suke bi. Yaran ƙauyen sun haddace lambar kamar waƙar gaɗa. Lidiya takan yi ƙorafi wai sun hana ta cin tuwo da zafinsa, amma ran da wayar ta yini shiru sai ka gan ta tana dubawa ko ta mutu.

Sai damina ta ƙi. Hatsi ya fito, ya tsaya iya gwiwa, ya bushe a tsaye. Ƙanenta Iliya, wanda ya riƙe gonar mahaifinsu, ya sayar da shanun nomansa a wulaƙance, ya zo Yamai ya kwana biyu wurinta kafin ya kama hanyar Agadas zuwa Libiya. A tasha ta ce ya rubuta lambarta. Ya yi dariya.

"Yaya, ko sunana na manta ba zan manta wannan ba."

Bayan tafiyarsa da ƴan watanni sojoji suka karɓi mulki. Masu ba ofishin kuɗi, da ma sun fara ja da baya, suka janye ɗungurungum. Shugaban ofishin ya tara ma'aikata ya yi musu godiya, idonsa a ƙasa. Ya ce wayoyin kowa ya riƙe tasa, amma layukan za a rufe su, sai wanda zai mayar da shi sunansa ya ci gaba da biya. Sauran duk suka ce a rufe, ai katin ɗari biyu ya ishi marar aiki. Lidiya kaɗai ta ce a bar mata nata.

Maƙwabciyarta Balkisa, haifaffiyar Yamai mai sayar da atamfa, ta riƙe baki da ta ji.

"Ke Maman Zinariya, wa ya ce miki wannan layin na talaka ne? Ki sayi sabo mana, ki gaya wa mutanenki."

"Mutanen gida zan iya gaya musu," in ji Lidiya. "Iliya fa? Shi ke kirana, kuma kullum da wayar aro. Ban san inda zan same shi ba."

Haka ta shiga sana'ar da ba ta taɓa yi ba. Da asuba ta tafi lambunan bakin kogi ta sayo zogale, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ta zauna bakin titi tare da matan Zabarmawa tana kiran "kopto, kopto" kamar a ciki aka haife ta. Matan da suka koyi riƙe alkalami a ofishinsu suna wucewa su saya, wasu su ƙi karɓar canji. Amma shekarar ba ta ciniki ba ce. Tiyar hatsi ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, kuma baƙi daga ƙauye ba su daina sauka a ɗakinta ba, yanzu ma ba ciwo ke kawo su ba, yunwa ce. Kowane ƙarshen wata sai ta zaɓa tsakanin buhu da waya. Ta sayar da keken ɗinkinta. Ta sayar da akwatin littattafan mijinta ga wani mai shimfiɗa su a ƙasa kusa da babbar kasuwa.

Iliya yakan kira jefi-jefi. Ya samu aikin gini, yana lafiya, a gaida matarsa, a ce wa yara yana nan tafe da takalma. Ba ta taɓa gaya masa aikinta ya ƙare ba. Ta ce a ranta mutumin da ke ɗaukar bulo a ƙasar wasu ya ishe shi da abin da ke kansa.

Cikin damina ta gaba Zinariya ta kwanta da zazzaɓi mai tsanani, abin da aka tara ya tafi a magani. Wata ya wuce ba a biya ba, wani ya bi shi. Wata safiya Lidiya ta danna wayar ta ji muryar mace tana gaya mata da Faransanci cewa an dakatar da layin. Ta je ofishin kamfanin wayar ta yi layi, yarinyar da ke zaune a wurin ta saurare ta da ladabi, ta ce ba abin da za ta iya sai an biya duka. Lidiya ta koma sau biyu. A na uku, bayan watanni, da kuɗin a ƙulle a bakin zanenta, aka ce mata lambar ta riga ta fita, an ba wani.

Ta sayi sabon layi na kati, ta aika ƙauye da sabuwar lamba. Ta gwada kiran tsohuwar lambar sau da yawa, ko dai a kashe ko a ƙi ɗauka. Daga baya ta daina. Labarin Iliya kuwa ya yanke. Da rediyo ya fara faɗin yaƙi ya ɓarke a Libiya, Lidiya ta rage cin abinci, ta rage magana.

Wata Lahadi, an tashi daga sujada ana gaisawa a harabar coci, sai ga wani gajeren mutum da hula da carbi a hannu yana tsaye a bakin ƙofa, yana tambayar duk wanda ya fito. Aka nuna masa ita. Ya matso, ya yi mata kallon wanda ya sha wahala.

"Kai ne Lidiya?" ya ce, da Hausarsa ta ɗan Yamai wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Wallahi Madam, mutanenka sun gajiyar da ni."

Sunansa Sumana, direban taksi ne, kuma shi aka ba lambar. Ya ce tun ran da ya sa layin ake kiransa ana neman Inna Lidiya, har ya daina ɗaukar baƙuwar lamba. Amma shekaranjiya ya ɗauka bisa kuskure, ya ji namiji babba yana kuka, yana cewa shi Iliya ne, ya fito daga cikin wuta, yana kan iyaka, a gaya wa yayarsa yana da rai. Abin da Sumana ya iya tsinta kawai shi ne tana Banifandu kuma Kirista ce. Wannan cocin shi ne na uku da ya leƙa tun safe.

Lidiya ta nemi wuri ta zauna a kan dakali.

"Ya ce zai sake kira gobe da hantsi," in ji Sumana. "Ina gidanka yake?"

Washegari ya ajiye taksinsa a ƙarƙashin dogon yaron, ya ƙi ɗaukar fasinja, ya zauna kan tabarma Balkisa tana ba shi labarin unguwa har wayar ta yi ƙara. Ya miƙa wa Lidiya da hannu biyu. Ta ce "Iliya," daga nan ba wanda ya fahimci abin da suka faɗa wa juna. Bayan sati uku Iliya ya sauka a tashar Yamai daga bayan babbar mota, ya rame, ba jaka ba takalman yara, kuma Sumana ne ya ɗauko shi.

Lidiya ba ta sake samun aikin ofis ba. Ta ci gaba da kopto, daga baya ta ƙara da dambu, har ta kafa rumfa. Sumana ya so ya mayar mata da lambar, ta ce a'a, fasinjojinsa sun riga sun san shi da ita. Shekaru bayan haka tsofaffin ƙauyen da kansu ya ƙi ɗaukar sabuwar lamba suka ci gaba da kiransa, shi kuma ya biyo da rana ya tsaya gaban rumfar, ya leƙo ta tagar mota ya ce an haihu a gidan wane, ko wance na gaishe ta. Sai ta zuba masa kopto a leda, ya yi kamar zai biya, ta harare shi, ya ja motarsa ya tafi.