Ramukan Bayan Garken Uwargida Lam

Ban taɓa mantawa da ranar da muka koma duba wuyan shanun Uwargida Lam ba. Ƙarfe tara da kwata na safe yatsana ya taɓa kumburi a wuyan wata saniya mai farin goshi da na fi so a garken, daga nan kuma al'amura suka fara dagulewa.

Lokacin ina shekara ta uku a karatun likitan dabbobi a Guangzhou, gab da ƙarshen shekarun casa'in. An tura ni koyon aiki wata gonar madara a Panyu, inda a wancan zamani gonakin ayaba da kududdufan kifi suka fi gidaje yawa. Ga waɗanda ba su san gwajin tarin fuka ba: ana aske ɗan wuri a wuyan saniya, a auna kaurin fatar, a yi allura a cikinta, sai a dawo bayan kwana uku. In wurin ya kumbura sosai, ta kamu, makomarta yanka. Ranar ba ita kaɗai muka samu ba.

Kafin azahar ma'aikata sun gano mai laifi. Bayan rumbun abincin shanu, a gindin gora, akwai ramukan wasu 'yan dabbobi dangin dage, ƙanana, masu farin zane a fuska. Su ne, in ji ma'aikatan, suka kawo cutar. Na san su. Ba na iya hira da mutane sosai, don haka da sassafe nakan zauna can da littafina, in ga suna komawa rami ɗaya bayan ɗaya.

Uwargida Lam, mai gonar, ta kira ni. Mace ce gajera mai ƙarar murya, wadda kullum take tura mini dafaffen ƙwai saboda ta san ba na cin namansu.

"Ɗaliba, ke ce mai littattafai. A kashe su ko a bar su?"

Na roƙi mako guda. Na tare a ɗakin karatu ina bin mujallun Ingila, inda ake ta gardama a kan wannan batu. Wasu na cewa a kashe, wasu na cewa kisan na iya warwatsa sauran su kai cutar gaba. Dagen nasu ma ba irin namu na Panyu ba ne. Abin da na gani da idona shi ne: yawancin masu kumburin suna cikin shanun da aka kawo a mota kafin zuwana, mai farin goshi kuwa kusa da su take kwana.

Ran Asabar na je yi wa Alhaji Sabo tafinta, wani ɗan kasuwar Kano da ke saro kaya wajen tashar jirgin ƙasa. Nakan kai masa madara yana haɗa kindirmo a ɗakin otal. Da ya ga hannuna ba goran madara, sai ya ɓata fuska.

"Likita, ina nonona?"

Na ba shi labari. Ya yi dariya har da tafa cinya.

"Wato gwamnati ta ɗauko ki daga Zariya ki zo Sin ki zama lauyan dage! To ki faɗa wa matar gaskiya mana, 'yata. Amma ki ɗaga murya, don ni ma da kyar nake jin ki."

Da na koma gona na ɗaga muryar iyakar iyawata. Na ce wa Uwargida Lam a kama biyu cikin dagen a gwada kafin a kashe sauran, kuma a bincika inda sababbin shanun suka fito. Ta dube ni ta ce, "Meyo," wato babu. Babu lokaci, babu hali. Washegari aka cusa hayaƙi a ramukan, aka tsaya a bakinsu da sanduna. Na shige ɗakin tatsa ina ta wanke bokitan da na riga na wanke.

Gwajin da ya biyo baya ya sake fitar da masu kumburi.

Har yau, in makiyayi ya nuna mini daji ya ce daga can cuta ta fito, ba na ƙaryata shi, don wani lokaci hakan ne. Amma kafin a ɗana tarko nakan zauna mu sha fura, in tambayi wa ya kawo saniyar ƙarshe, kuma wace dangantaka ce tsakaninsu. A Panyu na koyi wannan.

Ranar da zan tafi, Uwargida Lam ta zaunar da ni a inuwa, ta zuba mini shayi, tana ɓare mini wasu jajayen 'ya'yan itace masu zaƙi da ban ƙara cin irinsu ba. Na tattaro ƙarfin hali na ce, "Uwargida, kin yarda su ne suka kawo cutar?"

Ta dubi gindin gorar nan.

"Na san a mota ta zo, ɗaliba. Amma motar ta ƙanena ce, kuma ni na goye shi. Su kuwa ba su da kowa a gidan nan sai ke."