Bangon Inna da Na Shafe da Siminti

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta ranar da baƙi suka zo gidanmu na ƙauyen Darini suna tambayata ina bango ba.

Ni tela ce a Safana. A lokacin akwai wata mujalla ta kwalliya da zane-zane da al'adu da matar yayana take aiko mini daga Katsina idan ta gama dubawa. Wallahi ina son mujallar nan kamar me. Takardarta sumul, hotunanta tar, ko zaren aikin wuyan riga kana iya ƙirgawa. Ba su da rowar wuri, hoto ɗaya sai ya cinye shafi guda ba a cunkusa masa rubutu ba. Turancin ba duka nake ganewa ba, amma ido ba ya neman tafinta. A ƙarƙashin keken ɗinki nake ɓoye ta, don masu kawo ɗinki da hannun manja suke buɗe ta. Burina ɗaya ne, in ga ɗinkina a cikinta.

Wata ƙaramar Sallah na je gida, na ɗinka wa ƙanwata doguwar riga. Na tsayar da ita jikin bangon ɗakin Innarmu saboda nan ya fi haske, na ɗauke ta hoto da waya na tura wa masu mujallar. Bangon na ƙasa ne, cike da zanen da aka yi da yatsu, Inna tana shafa masa makuba duk bayan kaka. Tun da na buɗe ido nake ganinsa, shi ya sa ban taɓa tsayawa na kalle shi ba.

Bayan kamar wata guda sai ga kira. Wata mata ta ce daga mujallar take, hoton ya burge su ƙwarai, suna so su zo gidan su ɗauki nasu. Murna ta rufe mini ido, ban tambayi me ya sa gidan suke so ba shagona ba. Can kuma sai kunya ta kama ni. 'Yan birni za su zo su tarar da mu cikin ƙasa? Na samo magini ya kankare bangon, ya yi masa shafen siminti, muka bi da shuɗin fenti. Inna tana zaune tana ɓarar gyaɗa tana kallonmu. Na ce, "Inna, manyan baƙi ne fa." Ta ce, "To, ai ku kuka san zamani." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ni kuma da wautata na ɗauka ta ji daɗi ne.

Ranar suka iso da hantsi, matar da wani mai ɗaukar hoto. Na sha leshi da gwaggwaro, na jera riguna shida a igiya. Aka gaisa, suka sha fura. Matar ta dubi rigunan ta ce masha Allah, amma idonta sai yawo yake a tsakar gidan. Can ta ce, "Malama, ina bangon?"

Na ce, "Wane bango?"

Ta miƙo mini waya. Hotona ne, amma an zuƙo shi, rigar ƙanwata kafaɗa kawai ta rage a gefe, sauran duk zane ne. Na ce, "Ai ga shi nan bayanki, Hajiya." Ta juya ta ga shuɗin fenti, ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi!"

Kaina ya ɗaure tamau. Na rasa ko zolayata suke yi, ko gidan suka ɓata, ko ni ce ban ji Hausa ba. Mutanen da ke kwana a bene su baro birni saboda ƙasa? Na ce, "To rigunan fa?" Mai hoton ya sunkuyar da kai. A nan na fara tuno shafukan marina da na sassaƙar ƙwarya da na dukanci, waɗanda nake wucewa da sauri don in kai ga riguna. Ashe shekara biyu rabin mujallar nake kallo.

Inna ce ta cece ni. Ta kakkaɓe zaninta ta ce wa baƙuwar, "Ɗiyata, in zane kike nema, bango aka kankare, hannu yana nan." Ta juyo gare ni ta ce, "Ke, tuɓe gwaggwaron nan ki kwaɓo mini ƙasa." Haka na tattare leshina na shiga kwaɓi da ƙafa. Ta yaɓa a jikin rumbu, ta shiga ja da yatsu tana gaya musu wannan sawun zabo ne, wancan igiyar shanu. Baƙuwar ta tambaye ta wa ya koya mata. Inna ta ce, "Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Zanen jikin ɗakin nan tare muka yi shi satin da aka kawo ni amarya. Tafin hannunta ne a saman ƙofa." Ba ta dube ni ba da ta faɗa. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasar da nake takawa ta haɗiye ni, kuka ya taso mini, na rasa ta ina zan fara ba ta haƙuri.

Da mujallar ta fito, shafi huɗu suka ba Inna. Gaskiya sun iya aiki, har tsagar yatsunta da damshin ƙasar ana gani, kuma sun rubuta ta da girmamawa. Rigata ko ɗaya babu. Abin da ya fito nawa ƙafafuna ne a gefen hoto, dumu-dumu cikin taɓo. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sun iya hoto. Amma ƙasar ta yi ruwa, ba ki iya kwaɓi ba."

Yanzu Inna ta rasu, damina ta cinye zanen rumbun, shuɗin bangon kuwa yana nan daram. Har yau ina duba mujallar, tun daga shafin farko ba tsallake. Abin da na koya shi ne, kafin ka kankare abin da ka tarar a gidanku don kunyar baƙo, ka tambayi wanda ya yi shi. Da na tambayi Inna sau ɗaya, da yau tafin hannun kakata yana saman ƙofar nan.