Na Fitar Da Ita Daga Makka Saboda Kifi

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da wannan abu ya faro ina da shekara sittin da ɗaya, na ajiye aikin tuƙin bas ɗin alhazai, ina zaune a unguwar Misfala cikin Makka da matata, 'yarmu guda tana gidan mijinta. A Makka aka haife ni. Karatuna bai yi nisa ba, amma ni mutum ne mai tsari: lokacin cin abincina sananne ne, wurin ajiye makullina guda ne, kuma idan na yanke magana a gidana ba a sake tayar da ita. Na faɗi haka ne don mai karatu ya san cewa kuskuren da zan ba da labarinsa ba cikin gaggawa na yi shi ba. A zaune na tsara shi, da biro da takarda.

Kakana masunci ne daga Yawuri, da ƙafa ya zo ƙasar nan. Ya rasu bai sake ganin kogi ba, amma bai daina ba mu labarinsa ba. Ni kuma na shekara talatin da uku ina jigilar mutane tsakanin Arfa da Muzdalifa da Mina, wani lokaci in yi awa huɗu motar ba ta motsa ba, ana ta danna oda ta ko'ina. Hutuna ɗaya shi ne ranar Alhamis in ɗauki ƙugiya in tafi bakin teku a Shu'aiba. A can na ƙudurta cewa idan Allah ya nuna mini ƙarshen aiki, zan koma inda ba a jin ƙarar mota, in kama kifi har in mutu.

Da na ajiye aiki sai na sayi littafi na rubuta sharuɗɗa huɗu. Na farko, wurin ya kasance da kifi mai kyau kusa da gaɓa. Na biyu, ruwan ya zama mai kwanciya da safe. Na uku, a sami wurin ɗaure kwalekwale kusa da gida. Na huɗu, shiru. Na yi wata biyar ina yawo. Na je Rabig, na ga hayaniyarta ta yi mini yawa. Shu'aiba kuma ranar hutu mutanen Makka da Jidda sukan cika ta. A ƙarshe na sami wani ƙauye kudu da Lis, tafiyar awa uku daga Makka, wanda ya cika sharuɗɗan nan gaba ɗaya. Na zauna da masuntansa, na tambaye su iska, na tambaye su watannin kifi, na rubuta komai. A duk littafin nan babu layi ɗaya da ya ambaci matata.

Ita a unguwar Nakkasa ta Makka aka haife ta. Mahaifiyarta da cikinta ta iso Makka daga ƙasar Sakkwato, kuma tun tana yarinya ake gaya mata cewa sun zo ne don a rufe su a nan. Kullum bayan la'asar takan taka da ƙafa zuwa Harami, ta zauna da ƙawayenta a wani gefe da suka saba, har a yi isha. An rushe unguwarsu, matan sun watsu, amma wannan zaman bai watse ba. Duk lokacin da aka yi shelar sallar gawa takan miƙe, in ta dawo gida ta ce mini wata rana ita ma wannan taron ne zai sallace ta. Ta sa na yi mata alkawarin haka tun muna da ƙuruciya. Na ce in sha Allahu, kamar yadda mutum yake faɗa yana neman takalminsa.

Ranar da na gaya mata za mu tashi, ta tambaye ni ko kifin ne ya ƙi zuwa kasuwar Makka. Ta ce mutane suna sayar da gonakinsu don su zo nan su kwana goma, ni kuma zan fita da ƙafata saboda abin miya. Na ce mata na riga na gama magana, awa uku ce kawai, kuma duk ƙarshen wata zan kawo ta. 'Yarmu ta roƙe ni in bar mahaifiyarta a wurinsu, in riƙa zuwa ina dawowa. Na ce a gidanmu ba a taɓa yin mace tana gari mijinta yana wani gari ba. Matata ta haɗa kayanta ba ta ƙara cewa komai ba, sai dai daga ranar ta daina kira na Malam, ta koma ce mini Sarkin Ruwa.

Ba zan ɓoye ba, shekarar farko na ji daɗi. Ina fita bayan asuba, in dawo kafin azahar da najil da hamur, kifayen da a Makka sai mai hali yake ci. Na kafa wa kaina doka cewa waya ba ta shiga kwalekwale. Ita kuwa tana gida. Maƙwabtanmu mutanen kirki ne, amma babu mai jin Hausa a ƙauyen, Larabcinsu ma ba irin na Makka ba ne, in matan suka yi hira da sauri sai ta yi ta murmushi kawai. Da la'asar takan ja kujera gaban talabijin, ta kunna tashar da ke nuna Harami, tana nuna mini da yatsa inda ƙawayenta suke zama. Takan yi mini ba'a cewa ta ci kifi har carbinta ya fara ƙarni. Ina dariya, ina ɗauka mai ba'a ba shi da damuwa. Zuwa Makka na ƙarshen wata ya koma bayan wata biyu, daga baya ya koma sai da salla, domin kullum akwai dalili: ko ruwa ya kwanta, ko inji yana son gyara.

A shekara ta uku ƙafafunta suka fara kumbura, numfashinta yana yankewa in ta yi shara. Likitan da ya duba ta ya ce zuciyarta ta yi rauni, ya ba ta magani. Bayan ƙaramar salla da kwana kaɗan, ina gyaran ƙugiyoyi a tsakar gida, ta zo ta zauna kusa da ni ta ce tana so in mayar da ita gida. Ta ce ba asibiti take roƙo ba, gida kawai. Na ba ta amsa yadda na saba. Na ce na farko, yanzu ne kifi ya matso, saura 'yan makonni ya wuce. Na biyu, alhazai sun fara cika Makka, cunkoson ba zai yi mata kyau ba. Na uku, da zarar an gama aikin hajji zan kai ta wurin 'yarta ta yi wata guda. Ta dube ni ta ce to Sarkin Ruwa, Allah ya kai mu. Ba ta sake tayar da maganar ba, don ta san ni. Washegari na ga jakarta a ɗaure a bayan ƙofa, kuma a nan ta zauna wata biyu ina tsallake ta kowace safiya.

Saura kwana uku babbar salla na fita kamar kullum. Ranar na yi kamu mai kyau har na ƙara awa guda. Da na nufo gaɓa sai na hangi maƙwabcina a tsaye cikin rana, ba kwando a hannunsa. Ya kama igiyar ya ɗaure mini da kansa, sannan ya yi mini gaisuwa. Matarsa ce ta shiga kai wa matata gurasa da hantsi, ta same ta a kan kujera rai ya yi halinsa, talabijin a kunne. Sun yi ta kiran wayata, tana ƙara a kan taga kusa da ita.

Abu na farko da na tuna shi ne alkawarin. Na shiga mota na fara neman takardar izinin kai ta Makka. Ni da na yi shekara talatin da uku a wannan aiki na fi kowa sanin yadda hanya take a waɗannan kwanaki, amma na je duk inda aka ce in je. Aka gaya mini cikin ladabi cewa ba za a iya shiga da ita ba sai bayan kwanakin Mina. Limamin ƙauyen ya riƙe hannuna ya ce ya ɗan'uwa, kada a bar baiwar Allah tana jira kwana da kwanaki, a gaggauta mata. 'Yarmu ba ta sami hanyar zuwa ba, mijinta yana aiki a Mina. A waya ba ta zarge ni ba, ta dai tambaye ni ko Baba ya tuna abin da Umma take cewa. Na ce na tuna. Matan da suka yi mata wanka suka buɗe jakar nan suna neman zane, suka tarar da likkafaninta a sama, wanda ta wanke da zamzam tun da daɗewa. Washegari, a ranar da alhazai suke fita Mina, muka sallace ta. Na ƙirga sahun, mu goma sha ɗaya ne, kuma ni kaɗai na san sunanta.

Malamai sun gaya mini cewa ranar mutuwa da ƙasar da za a rufe mutum a rubuce suke, na kuma yarda, ba na jayayya da ƙaddara. Amma na san nawa rabon a ciki. Ta roƙe ni lokacin da hanya take buɗe, motata lafiya lau, awa uku ce. Na ba ta na farko da na biyu da na uku. Kwalekwalen na ba maƙwabcina, tun daga ranar ban sake shiga ruwa ba. 'Yata tana ta roƙo in koma Misfala, ni kuma na kasa, domin in na tafi babu wanda zai tsaya a kan kabarin nan ya yi mata addu'a da sunanta. Na kawo ta inda ba ta da kowa, ba zan tafi in bar ta ba.

Ina kira ga maza 'yan'uwana, musamman masu shirin ajiye aiki, waɗanda suke ganin sun wahala don haka sauran kwanakin nasu ne su kaɗai. Kafin ka zaɓi inda za ka ƙare rayuwa, ka tambayi wadda za ta bi ka inda take so ta ƙare tata, kuma in ta yi shiru kada ka ɗauka ta yarda. In tsohuwa ta ce a kai ta gida, a kai ta a ranar. Kwanan baya na buɗe littafin nan na karanta sharuɗɗan. Duka huɗun sun cika. Kifi yana nan, ruwa a kwance yake, wurin ɗaure kwalekwale yana bakin ƙofa, shirun da na nema kuwa yanzu na same shi fiye da yadda na rubuta.