Gwangwanayen Gwaggo Mubarka

Sunan Mubarka a bakin mahaifiyata na fara jinsa. Duk ranar da muka ci kifi sai ta ce, "Tashi ki wanke hannu, kina warin Mubarka!" Na daɗe ina zaton sunan wani irin ƙarni ne. Ashe yayar mahaifina ce, tana can unguwar masunta a nan garinmu Safi na bakin teku, ba a zuwa gidanta, ita ma ba ta zuwa namu.

Ina aji uku na sakandare malamin kimiyya ya ce kowa ya haɗa abin ɗumama ruwa da zafin rana, da gwangwanayen da aka gama amfani da su. Namu duk sun yi tsatsa. Babana ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Je ki wurin gwaggonki."

Tun tana budurwa take yanke kan kifi a masana'antar sardin, kifin gwangwani. Da wannan aikin ta riƙe babana har ya zama akawu, ya auri 'yar gidan da ba sa son ƙarni.

Da na isa gidanta ta dube ni ta ce, "Ke ce 'yar Bushaib? Ga hancin nan kamar marfin buta!" Ta yi dariya. Na matsa in rungume ta, ta ja baya. "A'a, 'yata, kayan makaranta ne a jikinki."

Ta goge gwangwanayen da toka, ta bi su da lemon tsami, ta danne bakin kowanne da bayan cokali don kar ya yanke ni. Kafin ta ajiye sai ta shinshina. Ba ta miƙo min ko ɗaya hannu da hannu ba. A kan tabarma take jerawa in ɗauka, haka ma kofin shayi. Ni kuwa ban ji warin komai ba sai na lemon tsami. Na tuna maganar da muke yi da sunanta a gida, na ajiye kofin.

Na ce malam yana son a faɗi wanda ya taimaka, zan faɗi sunanta gaban aji.

Ta ƙulle gwangwanayen a tsumma, ta turo min ƙullin da ƙafa. "Babanki sananne ne a makarantar nan. Don Allah, 'yata, in an tambaye ki, ki ce a bola kika tsinto."