Tafinta a Layin Gashi

Duk wanda ya san Yoila a Maiduguri da bakinsa ya san shi. Ya baro ƙauyensu a kudancin Borno yana saurayi, ya kama haya a Umarari cikin Kanuri, kafin a ankara ya iya harshensu har yana yi wa masu goro tsiya da shi. A majami'a kuwa shi ne tafinta. In baƙon fasto ya yi wa'azi da Turanci, Yoila ne ke tsaye a gefensa yana juyawa da Hausa. Doka ɗaya gare shi, ba ragi ba ƙari. Ko faston ya yi ta zuba kamar kanya, haka Yoila zai kawo maganar da tsawonta. Matarsa Ketura takan ce shi ya sa ba a gayyatarsa sulhu, domin in an yi zagi, sai ya kai wa mai shi zagin bai rage komai ba.

To, wannan harshen ne ya yi gyambo a gefe, ya ƙi warkewa. An sha magani, an kurkure da ruwan gishiri, shiru. Da aka yanki tsoka aka auna, sai aka ce ciwon daji ne. Aka yi masa aiki aka yanke gefen harshen, sannan aka sa shi a layin gashi, wato hasken da na'ura ke harbawa don ta ƙone ciwon.

A bencin jira ya haɗu da Ba'ana, wani dattijo mai wankin hula daga Dusuman, wanda nasa ciwon yake cikin kumatu. Hausar Ba'ana ta ciniki ce kawai, ita kuma Likita Jannatu da ke duba su ba ta jin Kanuri. Yoila ya ga ana ta magana da hannu, abin ya dame shi, ya matso. Mai hali ba ya fasa halinsa. Bakinsa duk ya saɓule, yawu ya ƙafe, ko kunu da ƙyar yake haɗiya, amma ya koma bakin aikinsa.

Haka suka shaƙu. Ba'ana ya dubi hular Yoila ya ce ko akuya ba za ta yarda ta ci ta ba. Wata rana kuma, ba tare da an tambaye shi ba, ya ba shi labarin babban ɗansa Mikail. A shekarun tashin hankali yaron ya bi wasu ya shiga daji, har yau ba labari. Ba'ana ya ce tun daga lokacin yake bincikar kansa, ko ya yi masa tsanani, ko ya yi sake. Yoila ya ji tausayinsa ƙwarai.

Aka gama gashi. Bayan 'yan watanni suka dawo a duba su. Na Yoila ya lafa, ba alamarsa. Na Ba'ana kuwa ya ɗan ja baya, ya sake tasowa. Yoila ya yi murna da nasa, kuma ya ji kunyar murnar.

Ba'ana ya ce a tambayar masa likita. Na'ura ɗaya suka shiga, layi ɗaya suka bi, bai taɓa fashi ba. Me ya yi da wutar ta ƙi shi?

Likita Jannatu ta ajiye abin rubutunta ta yi bayani a hankali. Ta ce dalilan suna da yawa, amma akwai ɗaya da masana suka sa wa ido yanzu. Gashi ba ya gama aikin shi kaɗai. Yana farfasa ƙwayoyin ciwon, sai ƙwayoyin garkuwar jiki, waɗanda ake ce wa sojojin jiki, su ga ɓaraguzan, su gane abokin gaba, su bi sauran. A jikin wani suna nan a farke cikin ciwon, wuta na sauka su tashi. A jikin wani kuma ba su da yawa a wurin, ko sun gaji. Yoila yana juyawa, Ba'ana yana gyaɗa kai.

Sai ta ƙara da cewa, "Abin da ya fi wuya, Baba, wasu daga cikinsu 'yan gida ne, amma sai su koma wajen dajin, su riƙa kare shi."

Nan Yoila ya tsaya. Tun da yake tafinta bai taɓa riƙe magana a baki ba, sai ranar. Ya dubi dattijon, ya ce masa da Kanuri wai sojojin sun gaji, shi ke nan.

Ba'ana ya dube shi. Sannan ya ce da gurguwar Hausarsa, "Malam Yoila, na ji 'yan gida, na ji daji. Kai ka ce ba ka ragi."

Kunya ta kama Yoila. Ya sunkuyar da kai ya faɗa masa duka. Likita, wadda ba ta san komai game da Mikail ba, ta ga fuskokinsu sun sauya, ta zaci ba su gane ba ne, sai ta ci gaba. Ta ce waɗannan ƙwayoyin ba miyagu ba ne tun asali. Aikinsu gyaran rauni. Ciwon ne ke kiransu da irin kiran da rauni yake yi, su zo da niyyar taimako, su yi ta ciyar da shi suna zaton alheri suke yi. Yaudararsu aka yi. Yoila ya juya wannan ma.

Ba'ana ya tambaya ko ana iya dawo da su. Ta ce ana ta bincike, akwai magungunan da ake gwadawa, wasu sun dace, wasu ba su dace ba, kuma ba za ta yi masa alkawarin da ba ta da iko da shi ba.

Dattijon ya shafa kumatunsa ta saman rawani. Ya yi tambaya ta ƙarshe da Kanuri, ƙasa ƙasa, Yoila ya kawo ta yadda take: "Ya ce, in 'yan gida suka koma can, laifin mai gidan ne?"

"A'a, Baba," in ji likita. "Ba abin da ka yi, ba abin da ka bari. Yakan faru a jikin da aka fi kula da shi."

Yoila ya sha juya manyan maganganu a gaban jama'a, amma bai taɓa lallaɓa wata kamar wannan ba. Ya kai ta kalma bayan kalma da guntun harshensa, ba ragi ba ƙari. Ba'ana ya ce ya sake faɗa. Ya sake. Likita ta koma kan takardunta, tana ganin ta amsa tambaya a kan kumatu.

A bakin ƙofa Ba'ana ya miƙa hannu ya cire hular Yoila, ya juya ta, ya girgiza kai, ya cusa ta a aljihun rigarsa. Ya ce zai wanke ta, ya zo Dusuman ya karɓa, amma kada ya daɗe.