Lambar da Na Rage

Bayan na gama sakandare, wata malamar jami'a mai binciken sauyin yanayi ta kafa sandar awon ruwa a fadamar bayan gidanmu a Nguru. Kullum da safe nakan duba inda ruwa ya kai, in tura mata lambar ta waya. Da wannan lambar ce malamar da abokan aikinta na ƙasashen waje suke gane lokacin da ambaliya za ta isa Gashua, su gargaɗi jama'a.

Ranar da ruwan ya haura jan layin haɗari da ke jikin sandar, Baba ya ce, "Ke, kada ki yi wa mutane mugun baki." Sai na rage lambar. Kwana uku ina ragewa, alhali yayata tana bakin kogi a Gashua da jaririnta.

Rana ta huɗu na kira malamar ina kuka, na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Ƙanwata, kira yayarki yanzu, su fita."

Sai da la'asar yayata ta ɗauki wayata, tana fake a wata makarantar firamare, ruwa ya riga ya cinye ɗakinta. Har yau na kasa gaya mata abin da na yi.