Takardar Yabon da Baba Haladu Ya Ƙi Karɓa

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Kano, mu uku: ni, da abokin aikina da ke tuƙi, da wata 'yar'uwa da muke rubuta manhaja tare. A bayan mota akwai fitila mai caji da hasken rana a kwalinta, da takardar yabo da na sa aka yi wa gilashi. Kyauta za mu kai wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure.

Ga yadda abin yake. Ƙauyen yana da wutar sola guda ɗaya, gidaje da injinan ban-ruwa duk da ita suke aiki. In gidaje suka ja da yawa da rana, sai inji ya ƙi tashi, shuka ta wuni da ƙishirwa. Shi ya sa muka rubuta manhaja: mitar kowane gida ta aiko abin da aka sha, kowa ya gani a wayarsa, a san lokacin da za a sassauta. Buɗaɗɗiya ce, wato duk mai iyawa zai duba yadda aka rubuta ta ya kawo gyara, ba a biyan kowa. Har daga ƙasashen da ban taɓa takawa ba ana sa mana hannu. Shafin da ke jera gidaje da sunayen masu su, daga wanda ya fi shan wuta zuwa na ƙarshe, ni na rubuta shi, kuma ina ji da shi. A shafin ne muka ga wani Baba Haladu ya faɗo daga saman jeri zuwa can ƙasa cikin mako biyu. Muka ce to, manhaja ta yi aiki, wannan ya cancanci kyauta.

A Kura muka karya da waina da miyar taushe. Wainar ta ƙanƙance, kuɗin ya ƙaru, mai wainar ta ce mu tambayi masu shinkafa, alhali ga buhunan shinkafar jibge a bayanta. Tumatir kuwa ya yi araha har tausayin manomi ya kama ni. Kwanduna jere a bakin titi, rana na dafa su, masu su na ɗaga wa kowace mota hannu. Da muka sauka daga kwalta sai hanya ta bi gefen kanal, babbar magudanar ruwan noman rani. Bazara ta kankama, zafi tun hantsi, amma dama da hagu kore shar: albasa, masara, ga alkama ana yanka. Wata Bafulatana ta tsaya da ƙwaryarta sai da shanu suka gama tsallaka gada, mu ma dole muka jira.

Mai unguwa ya karɓe mu da ruwan randa. Da na faɗi abin da ya kawo mu, bai yi murnar da na zata ba. Ya ce, "Haladu? To, mu je ku gaisa. Iyalinsa dai ba lafiya."

A zaure muka same shi, dattijo siriri, yana gyaran igiyar guga. Muka durƙusa muka gaishe shi. Na zuba jawabin da na shirya tun a mota, na ce ya zama abin koyi. Yana saurare, idonsa a kan igiya. 'Yar'uwar nan ta nemi izini ta shiga cikin gida gaida mai jiki, mu maza muka zauna.

Na ce, "Baba, wace dabara ka yi wutar ta ragu haka?"

Ya ce, "Firji na kashe, ɗana."

Ya koma kan igiyarsa. Sai da 'yar'uwar ta fito, ido ya yi ja, ta ja ni gefe, sannan na ji sauran labarin. Matar Baba tana da ciwon suga, allura ake yi mata kullum, kuma maganin ba ya son zafi. 'Yarsu da ke aure a birni ce ta saya musu tsohon firji don shi kaɗai. Tsohon firji kuwa akwai jan wuta, shi ya ɗora sunan Baba a saman jerina. Matasa suna karanta jerin a wurin mai shayi, har suka sa masa suna Alhaji Mai Ƙanƙara. Ranar da injin ban-ruwa ya ƙi tashi, wani ya faɗa a gaban jama'a cewa akwai mai sana'ar ƙanƙara a ɓoye da wutar kowa. Baba ya koma gida ya zare firjin, ya naɗe maganin a tsumma ya ajiye a saman bango. Zafi ya kashe wa maganin ƙarfi ba su sani ba. Kwana huɗu matar ta yi a asibiti, shekaranjiya aka sallamo ta.

Na koma na ce, "Baba, me ya hana ka gaya musu gaskiya?"

Ya ɗago ya dube ni. "In tsaya a dandali in kirga wa yara ciwon iyalina? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Kunya ta rufe ni, don na tuna wani abu. Watannin baya wata mata daga wata ƙasa mai nisa, cikin masu taya mu aiki, ta rubuto cewa a cire sunaye, a nuna jimilla kawai. Ni na ba ta amsa, na ce a ƙauyukanmu kowa ya san kowa, ba mu da ɓoye-ɓoye, na rufe maganar. Ni da aka haifa a birni na naɗa kaina kakakin ƙauye, na manta da rufin asiri, abin da muke roƙon Allah safe da yamma.

A gindin wata darbejiya na buɗe kwamfuta. Kafin la'asar mun cire sunaye, shafin ya koma nuna abin da unguwa ta sha gaba ɗaya. Na sake buɗe maganar matar nan ta ƙasa mai nisa na rubuta mata cewa ita ce da gaskiya. Mai unguwa ya ce sauran a bar masa, ya san yadda zai rufe bakin matasa ba tare da ya ambaci kowa ba. Muna tsaye aka mayar da firjin, muka ji gurnaninsa daga zaure.

Baba ya karɓi fitilar, ya ce za ta yi wa mai jiki amfani. Takardar kuwa ya turo min ita da hannu biyu. "Wannan ku koma da ita, ɗana. Ba abin yabo na yi ba."

A hanyar dawowa duhu ya fara shiga lokacin da muka hango fitilun Kumbotso. Na koyi cewa a buɗe manhaja kowa ya gani daidai ne, amma gidan mutum ba manhaja ba ne. Takardar tana nan na rataye ta saman teburin da nake aiki, da sunansa a jiki, da kalmomin da na zaɓa da kaina. Duk sanda zan rubuta wani sabon shafi sai na fara karanta ta.